Littafi Na Uku Da Muhibba Ta Mayar

Azumi ya kusa ƙarewa, kowa a kasuwar Dutse Alhaji yana ta cinikin shadda da takalman yara, ita kuwa Muhibba rumfar Zakariyya mai littattafai ta nufa. Ta ajiye jakar turaren wutan da take kai wa matan ofisoshi, ta ja benci ta zauna kamar wadda ta zo yini. Zakariyya na ganinta ya dafe kai, don ya san yau babu hutu.

"Hajiya, da azumi a bakina fa," in ji shi. "Ki yi mini sauƙi."

"Na soyayya nake so," ta ce. "Wanda babu bindiga a ciki. Babu daji. Ba a tare hanya, ba a ɗauke kowa, ba a ƙona gari. In ma mutuwa za a yi, ta tsoho ce a kan gadonsa."

"To ai kin kori rabin rumfar nan. Marubutan yanzu in ba su sace amarya ba, ba sa jin sun yi rubutu."

Bai san dalilin wannan doka ba, ita kuma ba ta taɓa gaya masa ba. Littattafan ba nata ba ne, na Zahra ne, 'yarta ɗaya da ta rage mata a duniya. Ranar da aka afka wa garinsu a can arewa maso gabas, Muhibba ta tsira da zanin jikinta, Zahra kuwa aka kora ta daji tare da sauran 'yan mata. Uwar ta yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro cikin ɗakin tamfol tana jiran labari. Da labarin ya zo, aka kawo mata yarinyar da ta fi ta tsayi, wadda ba ta magana sai in an tambaye ta ko ta ci abinci. A Kuchigoro kowa ya san inda ta fito, ana nuna ta da baki, shi ya sa Muhibba ta kwashe 'yan komatsansu ta kama ɗaki a Dutse Alhaji inda babu wanda ya san su. Ta kuma kafa doka a gidanta cewa ba a tambayar Zahra komai game da dajin nan, kuma ita ce ta farko da ta bi dokar.

Tsoro take ji, kuma tana da hujja. A Kirsimetin da ya wuce wani yaro ya fasa abin wasan wuta a bakin ƙofar gida, Zahra ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fito ba sai washegari, idanunta a buɗe amma ba ta gane uwarta ba. Tun daga ranar ba ta ƙara taka waje ita kaɗai ba. Muhibba ta tabbata a ranta cewa in abin ya sake tasowa, yarinyar za ta tafi inda ba za a iya dawo da ita ba. Abu ɗaya ne ya taɓa sa Zahra dariya tun dawowarta, wani tsohon littafin soyayya da ta tsinta a ƙasan akwatin uwarta, ta karanta shi har bangon ya rabu da shi. Muhibba na tsakar gida tana wanki ta ji dariyar, ta tsaya da hannu cikin kumfa har ruwan ya huce. Shi ya sa a wannan sallar ta ce ba leshi ba, littafi za ta saya mata.

Da bakin azumi da cinkoson kasuwa, ba ta iya karanta kowane littafi daga farko har ƙarshe ba, sai ta yi dabarar da ta ga ta fi sauƙi. Ta karanta shafukan farko ta ga irin mutanen da ke ciki, sannan ta juya can ƙarshe ta ga ko an ƙare da biki. Ta ture wani saboda jarumin soja ne. Ta ture wani saboda ta hango kalmar asibiti ta yi yawa. Zakariyya yana ta jero mata, tana ta mayar masa, har ya fara ƙunƙuni cewa ko surukar da ke zaɓen amarya ba ta kai haka ba. Daga ƙarshe ta ware ƙanana biyu, sai kuma wani mai koren bango da aka raba shi kashi uku, kamar yadda aka saba raba dogon labari. Labarin wata tela ce mai suna Fiddausi da wani malamin makaranta da ke kawo mata ɗinkin riga ɗaya yana cewa ba ta yi masa daidai ba, don dai ya sami dalilin dawowa. Muhibba ta yi murmushi. Ta buɗe shafin ƙarshe na littafi na uku, ta tarar ana ɗaurin aure, uwar amarya na kukan murna.

"Wannan fa, ka karanta shi?"

"Ni sayarwa nake, Hajiya, ba karatu ba. Amma mata na rububinsa."

Ya buga wa kowanne hatimin rumfarsa a shafin ƙarshe, ya ɗaure mata su a leda.

Ranar jajibere da hantsi ta gama soya itacen turare, ta baza shi a tire yana shan iska. Zahra na ɗaki. Don kashe lokaci Muhibba ta zaro littafi na uku ta buɗe tsakiya, idonta ya sauka a kan wani layi inda ake cewa an ɗaure su a gindin bishiya. Ta buɗe gaba, daji. Ta koma baya, daji. Ashe littafin gaba ɗayansa a hannun masu bindiga aka yi shi, bikin nan da ta gani 'yan shafuka ne kawai a ƙarshe. Ta cusa shi cikin zani kamar ta ɗauko garwashi, ta zura hijabi, ta bar turaren a nan ta koma kasuwa.

"Wa zai sayi na uku shi kaɗai?" in ji Zakariyya. "Ki kawo duka ukun in canza miki da wani."

"Na ɗaya da na biyu lafiyarsu ƙalau, na duba. Ɗinki ne da zance."

Gaskiyar magana ita ce Zahra ta riga ta hango koren bangon ta cikin leda, ta kuma yi ɗan murmushi, Muhibba kuwa ba ta da zuciyar da za ta janye abin da ya sa yarinyar murmushi. Ta ce a ranta za ta gaya mata na ukun bai fito ba tukuna. A nan ta yi kuskure, kuma kuskuren da bai kamata mace irinta ta yi ba. Ita ce fa a 'yanmatancinta take cinye irin waɗannan littattafai a bayan ɗakin girki. Ta fi kowa sanin halin marubutan nan, ba sa yanke littafi na biyu a wurin daɗi, sai sun kai mutum bakin rami su sake shi, don ya fito da kuɗinsa ya nemi na uku. Ta duba farkon na biyu, ta duba tsakiyarsa, amma tsoro ya sa ta gaggawa, ba ta leƙa shafin ƙarshe ba.

Ranar salla bayan an sauko daga idi ta miƙa mata ledar, ta ce na ukun bai fito ba tukuna. Zahra ta jera littattafan a kan tabarma, ta shafa bangon kowanne, ta ce, "Na gode, Mama." Ta wuni a kwance tana karatu, tuwon salla ma sai da aka yi da gaske ta ci. Sau biyu Muhibba ta ji ta tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce a ranta bana dai ta yi salla.

Washegari da safe ta ɗauki kwanukan da maƙwabta suka aiko musu da abinci ta tafi mayarwa. Gaisuwar salla ba ta da gajarta, nan a ce zauna ki sha kunu, can a ce ga cincin. Da ta dawo ta yi sallama a ƙofar ɗaki, ba a amsa ba. Ta ɗaga labule, babu kowa. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, don nan ne wurin farko da ranta ya ba ta, sai akwati da tsintsiya. Ta duba banɗaki. Ta dawo ta ga ƙusar da sabon hijabin Zahra shuɗi yake rataye babu komai, takalmanta ma babu.

Littafi na biyu na kife a kan tabarma, a buɗe a shafin ƙarshe. Ta ɗauka ta karanta daga sama. Motar da ta ɗauko Fiddausi ta tsaya a tsakiyar hanya, an gindaya itace, wasu mutane sun fito daga cikin ciyawa, ɗaya ya kama hannunta yana jan ta. Muhibba ba ta kai ƙasan shafin ba. Ta saki wata irin ƙara da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

Mabel, maƙwabciyarta 'yar Filato da ke sayar da kayan shayi a ɗakin gaba, ta fito da gudu da ludayi a hannu.

"Maman Zahra, mene ne? Wa ya mutu?"

"Zahra! Ba ta ɗaki!"

"Zahra ya fita? Jesus! Na ji get ya buɗe ɗazu, na ɗauka ke ne." Ta yar da ludayin ta ƙara ɗaure zani. "Kar ki tsaya kuka. Ni zan bi ta bayan coci, ke ki bi babban titi. In na gan shi zan kira ki."

Muhibba ta fita ba takalmi, littafin na hannunta ba ta ma sani ba. Unguwar ta cika maƙil da yara cikin kayan salla, ana busa usur, ana fasa abin wasan wuta, babura na ta kutsawa tsakanin mutane suna tayar da ƙara. Duk ƙarar da ta tashi sai ta yi tunanin yadda take sauka a kunnen Zahra. Ta sha gaban wata mai shuɗin hijabi ta juyo da ita, ba ita ba ce. Ta kama wata, uwar yarinyar ta harare ta. Shuɗin hijabi kuwa a ranar kamar an raba shi kyauta.

Ta iso babban titin Bwari tana haki. Ƙananan motoci na tsayawa, direbobi na leƙo kai suna kiran fasinja. Ko jiya Mabel ta gama ba ta labarin 'yan wan-cans, masu ɗaukar mutum kamar fasinja su kulle ƙofa, in an yi sa'a a tsince shi a gefen hanya. Yarinyar da ke gudu a firgice, wace mota ce za ta tsaya mata ta ƙi shiga? Ta ɗaga kai ta ga duwatsun da ke bayan gari da ciyayin da damina ta fara tayarwa a jikinsu, sai ta tuno dajin nan. Ta taɓa rasa yarinyar nan sau ɗaya, amma wancan karon wasu ne suka ƙwace ta. Wannan karon ita ta je kasuwa da ƙafarta, ta zaɓo abin, ta ɗaura mata a leda ta miƙa mata a matsayin goron salla.

Ta tambayi mai rake, ya ce bai lura ba. Ta tambayi mai lemo, ya ce Allah ya bayyana. Sai wani ɗan acaba da ke zaune a kan babur ɗinsa a inuwa ya ce, "Hajiya, doguwa haka, siririya? Na ga wata tana bin jikin katanga, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. Na ce ta hau in kai ta, ta zabura kamar na zare mata wuƙa."

"Ina ta yi?"

"Ta daɗe a tsaye a nan tana kallon motoci. Daga baya ta tsallaka, ta yi wajen kasuwa."

Kasuwa? Muhibba ta tsaya turus. Wanda ƙara ke kora ba ya nufar kasuwa. Kuma mai gudun firgici ba ta tsayawa ta sa hijabi da takalmi, ba ta tsayawa ta jira motoci su wuce. Sai a lokacin ta ji ɗan yatsanta na maƙale a cikin littafin, a shafin da ta bari. Ta buɗe ta kai idonta ƙasa, wurin da ba ta karanta ba ɗazu. An rubuta da manyan baƙaƙe: shin Fiddausi za ta dawo gida? Sai a littafi na uku. A ƙarƙashin rubutun ga hatimin Zakariyya, da sunansa da layin rumfarsa.

Ta tsallaka titin ba ta duba hagu ko dama ba, wani direba ya taka birki ya bi ta da zagi.

Rabin kasuwar a rufe yake, masu rumfuna sun tafi gida salla. Zakariyya bai je ƙauye ba bana, ya buɗe don yaran da ke yawo da kuɗin barka da salla. Yana hango ta ya ɗaga hannu, ya sa yatsa a baki, sannan ya nuna mata bayan tarin littattafai da haɓarsa.

Zahra na zaune a kan bencin nan da uwarta ta saba zama. Hijabin ya jiƙe da gumi ya manne mata a baya, takalmi ɗaya ya tsinke. Littafin mai koren bango na kan cinyarta, ta kusa cinye shi.

"Haka ta zo tana rawar jiki, Hajiya," in ji Zakariyya a hankali. "Na yi mata magana ba ta amsa ba. Sai ta ɗaga mini yatsu uku. Ina ganin fuskarta na ce wannan jininki ce. Na ɗauko mata wanda kika mayar, na ba ta ruwa. Ban san ko na yi laifi ba."

Muhibba ta ƙarasa ta durƙusa a gaban 'yarta, ta taɓa ƙafarta, ta taɓa kafaɗarta, ta tabbatar mutum ce ba gizo idonta ke yi mata ba. Sannan ta kai hannu ga littafin.

"Kawo, Zahra. Ba mai kyau ba ne. Ni na yi kuskure, zan canza miki wani."

Zahra ta danne shi da tafin hannu. Ba ta da ƙarfin kirki, amma Muhibba ta kasa janyewa.

"Kin ce bai fito ba, Mama."

"Na ce."

"Sun bar ta a hannunsu aka rufe littafin. Ba zan iya barin ta a can ba."

Tun dawowarta ba ta taɓa jera magana mai tsawon haka ba. Muhibba ta zauna a ƙasa daɓas, a kan simintin rumfar. Tana kallon idanun yarinyar tana jiran su juye irin na ranar Kirsimeti. Ba su juye ba, suna kanta.

"Ta dawo," in ji Zahra. "Na leƙa ƙarshe tukuna, yadda kike yi." Ta shafa shafin. "Amma mai rubutun nan ba ta taɓa shiga daji ba. Ta ce Fiddausi ta yi ta kuka da ƙarfi tana kiran mamanta. Ba a kuka da ƙarfi a can. Ba haka ake yi ba."

Zakariyya ya juya baya, ya shiga gyara littattafan da ba su buƙatar gyara. Wayar Muhibba ta fara ƙara a ƙugunta, Mabel ce, ba ta iya ɗauka ba.

"Abu ɗaya ne na yi ta karantawa ina komawa," in ji Zahra. Ta buɗe wani shafi kusa da ƙarshe da ta lanƙwasa gefensa. "Nan. Da ta dawo gida, mamanta ta rufe ƙofa, ta zaunar da ita, ta ce gaya mini duk abin da suka yi miki. Ta tambaye ta, Mama."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Muhibba ta buɗe baki za ta ce don ke na yi, sai ta fasa. Shekara da shekaru tana tsare ƙofa, tana korar masu tambaya, tana tace littattafai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, tana cewa yarinyar ba za ta iya ɗauka ba. Yanzu ga yarinyar ta ratsa babura da wasan wuta da babban titi ita kaɗai, ta zo ta karanta dajin tun daga farkonsa. Wadda ba ta iya buɗe shafin nan ta kai ƙasa ba, ita ce zaune a kan siminti ba takalmi.

Tsoron bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi, don ta san duk abin da za ta ji yanzu ba za ta iya mayar da shi rumfar kowa ba. Ta tashi da ƙyar ta zauna a kan bencin, kafaɗarta na gogar ta 'yarta. Ta cusa hannuwanta tsakanin gwiwoyinta.

"Kin ce ba haka ake yi ba," ta ce. "To yaya ake yi?"

Zahra ta rufe littafin a kan ɗan yatsanta. Ta daɗe tana kallon tsinkakken takalminta.

"Zani ake cusawa a baki," ta ce. "Ranar farko wata yarinya ce ta koya mini. Sunanta Rukayyat, ba ta kai ni shekaru ba."

"Ina jin ki," in ji Muhibba. "Sai me ya faru?"